Layi Biyu a Ƙarƙashin Amsa

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, "baiwar Allah" yake ce mini. Ni autarsa guda, wadda ya sha ɗauka a wuya! In na kawo masa shayi sai ya yi mini godiya irin ta baƙo, in koma kicin in share hawaye. Ba abin da nake so illa ya gane ni, ko da sau ɗaya ne.

Malamin kemistiri ne kafin ya yi ritaya, kuma abin haushi, ya manta ni amma lissafi na nan daram. Ran nan da hantsi na same shi a falo yana zana lambobi da yatsa a hannun kujera. Na ɗauko tsohon allonsa da alli, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Malam, a taimaka mini da wani lissafi."

Ya gyara zama. "Karanto, baiwar Allah."

"Amoniya ce a ruwa, ƙarfinta 0.10, Kb ɗinta, wato ma'aunin karɓarta, 0.000018. Kashi nawa cikin ɗari ya karɓi ƙwayar furoton daga ruwan?"

"Bes ce, wato mai karɓar furoton, amma mai rauni," in ji shi, "kunyar karɓa gare ta. Wasu ƙwayoyinta na karɓa, wasu na mayarwa, har abin ya daidaita. Ninka lambobin biyu, sai ki nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba ki abin da kika samu."

Na rubuta 0.0013. Tun ina 'yar makaranta a nan nake tsayawa, in ja layi biyu a ƙarƙashi in zabura zan tafi wasa, shi kuma ya cafko gefen rigata. Yau da gangan na ja layin biyu, na ajiye alli, na miƙe.

Ban ɗaga ƙafa ba na ji an riƙe rigar.

"Ina za ki? Waɗanda suka karɓa kawai kika samo. Raba da 0.10 ɗin da kika fara da shi, ki ninka da ɗari."

Na durƙusa, na ɗauki allin na raba. "Kashi ɗaya da ɗigo uku, Malam."

Ya daɗe yana kallon layukan nan, sannan ya ɗago ya dube ni, bai saki rigar ba.

"Ke dai Sarkin Gaggawa, har yanzu ba ki daina ba?"

Na kifa kaina a gwiwarsa. "Ban daina ba, Baba. Gobe ma a nan zan tsaya."