Kiɗan da Aka Hana a Jana'izar Ogbonnaya

Da labarin rasuwar Ogbonnaya ya iske ni, ban tafi gidan makoki ba sai da na biya shagon Ukaegbu na ce masa ya kakkaɓe jitarsa. Mu uku muka rage cikin waɗanda suka yi kiɗan rok a otal-otal ɗin Aba bayan yaƙin basasa: ni Iheanacho mai ganguna, da ake kira Nacho, Ukaegbu da ya koma gyaran fanka, sai Ulumma mai fiyano, wadda yanzu take sayar da garin rogo. Ogbonnaya ne mawaƙinmu. Tun muna samari yake cewa ranar da za a binne shi, tsofaffin waƙoƙin Turawan nan da muke kwaikwayo yake so a buga masa.

Gawar tana asibiti ana jiran dangi su taru, mu kuwa muka shiga gwaji a bayan shagon. Ranar farko saura kaɗan mu ba hammata iska.

"Yaya Nacho," in ji Ukaegbu, "gangar ce ta tsufa ko kai ne? Tun ɗazu muka isa kasuwa, kai kana gida kana neman takalmi."

"Kai da yatsunka suke karkarwa kamar mai zazzaɓi? Wannan ƙarar da kake yi, jita ce ko fankar wani ce ta lalace?"

Ulumma ta buga tafin hannu a kan fiyanon. "Ku rufe min baki, tsofaffin banza! Mutum na kwance cikin ƙanƙara kuna nan kuna faɗa. Ni zan yi waƙar. Mu koma daga farko."

Haka muka yi ta fama, gwiwa na ciwo, baya na ciwo, har kiɗan ya dawo hannunmu. Na kira Tobenna, babban ɗan marigayin da ke aiki a Fatakwal, na gaya masa nufinmu. Ya ce, "Ba damuwa, Baba, ku zo."

Ranar jana'iza muka loda kaya a keke napep, muka jera su ƙarƙashin rumfa. Aka binne shi, mawaƙan coci suka yi nasu, aka raba shinkafa, mu muna zaune cikin tsofaffin rigunanmu masu faɗin wuya, zufa na karyo mana. Da na ga rana ta fara sanyi ba wanda ya waiwaye mu, na ɗaga sanduna na ƙirga mana, muka tashi.

Ulumma ba ta gama baiti na farko ba lasifika ta ɗauke. Na waiga, sai ga Tobenna riƙe da wayar da ya fizge daga janareta.

"Baba, don Allah ku yi haƙuri," ya ce, yana murmushin da ya fi zagi ciwo. "Fasto na nan, manyana na wajen aiki na nan. Wannan kiɗan mashaya ne. Na ɗauka ɗan abu za ku yi a hankali."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kiɗan mashaya? A wajen wannan kiɗan uwarka ta ga ubanka! Da babu shi, da babu kai, mara kunya! Ka san muryar ubanka kuwa? Ka taɓa zama ka saurare shi ko sau ɗaya?"

Ukaegbu ya ɗaga jita sama kamar zai rotsa masa, Ulumma ta riƙe shi. Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ku kwashe kaya."

Tsallaken titi akwai rumfar wata mai sayar da bammi, Mama Adaku. Ta ga duk abin da ya faru. Kafin mu buɗe baki ta ture bencuna gefe, ta ja igiyar janaretanta da kanta.

Ban taɓa dukan ganga irin na ranar ba. Duk bugu ɗaya, fuskar yaron nan nake gani. Tsofaffin unguwa suka fara sulalewa daga rumfar makoki, wasu da faranti a hannu, suna tsallakowa. Wani dattijo ya jefar da sandarsa ya kama rawa yana kuka.

Can sai Egoyibo, matar marigayin, ta fito bakin ƙofa cikin fararen kayan takaba. Ba ta tsallako ba. Ta tsaya ta saurara, sannan ta ɗaga murya: "Nacho! Rage gudu! Ba haka yake yin ta ba!"

Na rage. Ta tsaya a wurin har muka kai ƙarshe, leɓunanta na bin waƙar.

Mama Adaku ta ce mu riƙa zuwa duk Asabar, kuma muna zuwa. Wani tsohon ɗan sanda mai busa ƙaho ma ya shigo cikinmu. Bayan sati biyu Tobenna ya aiko mana da akuya, wai ta godiya. Na sa aka mayar masa da abarsa. Ukaegbu ya yi wata guda ba ya gaishe ni, don shi ya riga ya sayo barkonon farfesu.