Jan Biron Misis Solberg

"Wannan ba ni ba ce," in ji Misis Solberg, ta miƙo mini takardar. "Wa kika rubuta wa?"

Karo na uku ke nan. Tana kwance a gadon asibitin da aka kafa mata a falo, robar iska a hanci, amma jan biron nan yana hannunta. Ita ta koya mini rubuta labari a sakandare shekara talatin da suka wuce, sai kuma ƙaddara ta sa na sayi gida jikin nata a nan garin Duluth. Da likita ya ce saura makonni, ta kira ni ta ce ni zan rubuta sanarwar rasuwarta ta jarida, kuma sai ta duba kafin ta tafi.

"Na ce ke mai kirki ce, mai son ɗalibanki. Ƙarya na yi?"

"Cire sunana ki sa na Carol ta ƙarshen layi. Ya zauna?"

"Ya zauna."

"To na Carol ne. Kai mata."

Raina ya ɓaci. Abin da ta riƙa nanata mana a aji ke nan: duk maganar da za ta dace da wani, ba ta mutuminka ba ce. A lokacin mun ɗauka dabarar rage maki ce kawai. Ga shi har na yi furfura tana ja mini layi.

"Haka kowa yake rubutawa, Misis Solberg."

"Shi ya sa ba mai karantawa. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, Darlene. Ba ki ga komai ba?"

Kwana biyu ina zaune gaban takarda. Abin da na gani ai ba na jarida ba ne. Mace ce mai taurin kai, ka kai mata abinci ta dawo da kwano ta ce gishiri ya yi yawa. In dusar ƙanƙara ta zuba, takan share gaban gidanta ta tsaya cak a kan iyakar gidajenmu, ko taku ɗaya ba ta ƙarawa.

Ranar Alhamis da safe ina wanke kwanuka, na hango dusar ta kwanta daga ƙofata har ƙofarta. Sai na tuna hunturun da mijina ya kwashe kayansa ya tafi. Wata uku ban iya ɗaga shebur ba, amma kullum hanyata a share take har bakin matakala. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Da wani hunturun ya zagayo, ta koma tsayawa a kan iyaka.

A tsaye na rubuta labarin hunturun nan, layi huɗu. Na sa sunan Carol, bai zauna ba. Na zura takalmi na tsallaka ko rigar sanyi babu.

Nas ɗin da ke jinyarta ce ta buɗe ƙofa. "Yanzu nake shirin kiranki," ta ce. "Bai fi minti ashirin da cikawarta ba."

Haushi ne ya riga kuka zuwa. Shekara talatin ina jira matar nan ta ce mini ya yi, ita kuwa ta kasa jirana minti ashirin.

Na ajiye takardar a teburin gefen gado, kusa da jan biron. Murfinsa a rufe yake.

Masu ɗaukar gawa suna hanya, gaban gidan kuwa a toshe da dusar ƙanƙara. Na ɗauki shebur ɗinta a bayan ƙofa, na fara daga matakala. Na share har titi, na juya gefe na ci gaba, sai da na iso kan iyakarmu. A nan na tsaya, dusa tana sauka a kan inda na share.