Kujerar Baban Yara

Buta ta uku ke nan ta tafasasshen ruwa take kwararawa a kan kujerar, tana bin saƙar layi-layi, tururi na dukan fuskarta. Kuɗin cizo biyu suka faɗo a kan siminti, jajaye, cikinsu a cike. Ta murƙushe su da bayan silifa, warin nan mai tayar da zuciya ya taso.

"Mama, wahala kawai kike sha," in ji mai feshi. Yana tsaye a bakin ƙofa da tankinsa a baya tun ɗazu. "Gado zan iya, katifa zan iya. Amma kujerar gora? Kowane lungu na saƙar nan ɗaki ne da falo a wajen kuɗin cizo, kuma ba ya biyan haya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar ta dube shi.

"Babu wata dabara?"

"Akwai. A naɗe ta cikin leda, a ɗaure tam, a ajiye."

"Kwana nawa?"

"Kwana? Abin nan yakan yi watanni bai ci ba, kuma bai mutu ba. In so kike ki tabbata, shekara."

"To shi kuma ya zauna a ina shekara guda?"

Mai feshi ya leƙa cikin ɗakin, ya ga tsohon da ke kwance a kan gado, bakinsa ya karkace gefe, ya sauke idonsa ƙasa.

Shekara talatin mijinta ya yi yana saƙa kujeru a gefen kasuwa, har unguwar ta manta da sunanta, kowa sai dai ya ce matar mai kujeru. Wannan ita ce ta ƙarshe da ya saƙa, don kansa, daidai bayansa, wata biyu kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A cikinta kaɗai yake iya zama bai zame ba. A cikinta take ba shi abinci bai shaƙe ba, a cikinta yake wuni a gaban taga yana kallon motoci da 'yan makaranta. In aka ɗauke ta, duniyarsa ta koma silin ɗakin.

"In kin yanke shawarar fitar da ita," mai feshi ya ce yana gyara igiyar tankinsa, "ki yayyanka ta tukuna. In ba haka ba wani zai tsinta ya kai wa iyalinsa bala'i. Zan dawo jibi."

Bai kai ƙasan bene ba mai kula da gidan ya hauro, yana haki. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi mai jiki sau biyu, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. 'Yan haya sun zauna jiya. Matar ɗaki na bakwai ta ga abin a labulenta, direban da ke ƙasa ya ce yaransa sun kwana suna susa. Kowa ya nuna ƙofa ɗaya.

"Wa ya ce daga nan ya fara?" ta tambaya.

"Babu wanda ya sani, Mama. Amma ke kaɗai ce mai irin kujerar nan. Sun ce ko ita ta fita, ko..." Ya sosa ƙeya. "Ni dai ɗan aike ne."

Bayan ya tafi ta jawo kujerar cikin rana, ta zauna a dokin ƙofa tana kallon ruwa na ɗiga daga ƙafafunta. Maganar 'yan haya ba ita ce ta fi ci mata rai ba. Mako uku ke nan autarta ba ta kawo jikarsu ba. Zuwansu na ƙarshe yarinyar ta yi barci a cinyar kakanta, a cikin kujerar, ta koma gida da jerin cizo daga wuya har kafaɗa. Mijin auta ya ce ba za ta sake taka gidan ba sai an rabu da abin. Tun ranar tsohon ya rage cin abinci. Duk takun da ya ji a matakala sai ya juya ido wajen ƙofa.

Ta shiga ta durƙusa a gefen gadon, ta goge masa yawun da ya gangaro.

"Baban yara, ka ji abin da suka ce. Ni na rasa yadda zan yi. Kai ka saƙa ta, kai za ka faɗa. In fitar da ita?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba... bari."

"In bar ta a nan? Ko in bar ta ta tafi?"

"Bari," ya sake cewa, hawaye ya gangara daga idonsa na dama zuwa cikin kunne.

Ta goge masa hawayen, ta miƙe.

Da la'asar ta ɗora kujerar a ka, ta sauka da ita hawa biyu, tana dafa bango. Ƙofofi suka riƙa buɗewa kaɗan suna rufewa. Babu wanda ya ce sannu, babu wanda ya kama mata. A bayan gidan, inda ake tara shara, ta sauke ta, ta zaro wuƙar kicin daga cikin zaninta.

Ta zaci aikin minti biyar ne. Wuƙar ta riƙa zamewa a kan gorar kamar a kan ƙarfe. Ta yanke zare ɗaya, sauran suka riƙe. Haka yake aikinsa, ba ya barin bakin saƙa a waje, shi ya sa masu saye suke tsallake rumfuna biyar su zo wajensa. Ta taka mazaunin da ƙafa, ta ja hannun kujerar da iya ƙarfinta, tana nishi, har tafinta ya tsage. Wani mai tura baro ya tsaya.

"Haba Mama, wannan kyakkyawar kujera? Ki ba ni mana."

"Ba ta da kyau," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wuce abinka."

Sai da rana ta yi ja sannan bayan kujerar ya rabu da mazauninta.

Mai kula da gidan ya aiko mata da farar kujerar roba daga ofishinsa. Ta ɗago mijinta da ƙyar ta zaunar da shi a gaban taga. Kafin ta juya ya fara sulalewa ta hagu. Ta gyara shi, ya sake sulalewa. Ƙarshe ta ɗauko tsohon mayafinta ta zagaya ƙirjinsa, ta ɗaure a bayan kujerar. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙullin.

Ta fita baranda ta kira auta a waya.

"Na fitar da ita. Na yayyanka ta da hannuna. Jibi za a yi feshi. Ki kawo masa yarinyar nan ko na awa ɗaya ne."

Tana jin muryar jikarta can nesa tana waƙa.

"Umma, wallahi na yi wa maigidana magana. Ya ce ai ba kujerar kaɗai ba ce, gidan ne gaba ɗaya. Ya ce a bari a ga wata uku tukuna, in babu komai..."

"Wata uku."

"Ki yi haƙuri, Umma. Ni zan leƙo ranar hutu, ni kaɗai. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi," ta ce, ta kashe wayar.

Ta tsaya a barandar har jinin tafinta ya bushe a jikin wayar. Da ta koma ciki ta tarar ya juyo da kai, idonsa a kanta, yana jira.

"Sun ce suna nan tafe," ta ce.

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya a hankali, ya fara lalubar maɓallin wuyan rigarsa yana ƙoƙarin sa shi, kamar yadda yake yi in za a yi baƙi.