Gwangwanin Bakin Taga

Zazzaɓi bai tashi kama Malam Irmiya ba sai ranar da aka fi bukatarsa. Ɗaya ga Oktoba ce, da ƙarfe huɗu za a yi sujadar godiya ta 'yancin ƙasa a cocin Kukar Salama, shi kuma magatakardan ikilisiya, shi aka ɗora wa karanta tarihi. Shafi shida ya rubuta, yana nuna cewa daga Linjila 'yanci ya tsiro: makarantar mishan ta buɗe wa mutane ido, masu idon suka nemi ƙasarsu. Magana ta tsaru. Layi ɗaya ne kawai ya hana shi sakat. A shafi na huɗu ya rubuta: "Washegarin samun 'yanci, ranar Lahadi, wata mata daga unguwar kutare ta shigo coci."

Wata mata! Uwarsa ce fa, Lai'atu. A wancan zamani 'yan mishan kan raba jarirai da iyayensu kutare, su raine su a gidan yara. Irmiya ya girma a can, ya kuma ga kalmar maraya ta fi sauƙin ɗauka. Shekara sittin da ɗoriya ke nan yana yawo da ita, ko matarsa Bilhatu haka ta sani.

Bayan abincin rana ya haɗiyi ƙwayar magani biyu, ya kishingiɗa a gindin darbejiya da takardun a ƙirjinsa. Ganyen ya fara juyawa, ido ya yi nauyi.

Sai ga hankaka ya dira kan takardun, baƙar riga da farin wuya, ka rantse fasto ne ya zo ziyara.

"Tashi, Magatakarda," in ji hankaka. "Sujada na jiranka."

"Ai huɗu ba ta yi ba."

"Ba wannan ba. Wadda ka gudu ka bari."

Tabarma ta miƙe ta zama hanya, hanyar kuwa da takardunsa aka shimfiɗa ta. Duk inda ya taka sai kalmomi su manne masa a tafin ƙafa kamar ƙarangiya. Suka ratsa wata gona inda bencinan coci suka tsiro layi-layi, suna kaɗawa kamar dawa. A tsakiyar gonar ga dogon itace, tuta kore da fari tana hawa ita kaɗai, babu mai jan igiya.

Malam Irmiya ya cire hula. "Ranki ya daɗe, ke ce 'yanci?"

"Ni ƙyalle ce," in ji tuta. "Ɗaga ni ake yi, iska ta yi sauran. Ka tambayi wanda aka kwance."

Hankaka ya yi dariya har da buga fiffike. "Shafi shida, kuma ƙyalle kake tambaya! Mu je."

Gonar ta naɗe kamar tabarma, sai ga tsohon cocinsu na ƙasa da aka rushe tuntuni, bangonsa na numfashi. Duk tagoginsa a rufe, sai guda. A bakin tagar an kafa ƙusa, an rataye wani gwangwanin madara da waya. Malam Irmiya ya tsaya cak, don ya san shi.

"Sannu da zuwa, ɗan Lai'atu," in ji gwangwani, muryarsa duk tsatsa.

"Irmiya nake," ya ce yana waige-waige.

"Ai ban ce Bitrus ba. Ka manta aikina? In an zo Jibin Ubangiji, masu lafiya su sha ruwan inabi a ƙoƙon azurfa a gaban bagadi. Kutare kuwa suna waje a rana, ni ake miƙa musu ta taga, a ɗauraye ni da ruwan zafi, a mai da ni ƙusata. Jini ɗaya, ƙoƙo biyu. Me ya sa ba na cikin tarihinka?"

"Ba a tona irin wannan a ranar murna."

"To shiga ka ga murnar."

Bai san yadda aka yi ba, sai ya gan shi a ƙarƙashin benci na uku, da furfurarsa da komai, amma sanye da gajeren wandon makaranta. Coci ya cika maƙil. Fasto Zakka, tsohon da ya yi masa baftisma, yana tsaye da ƙoƙon azurfa. Ƙofa ta buɗe, waƙa ta tsinke. Lai'atu ce ta shigo ta ƙofar da ba ta taɓa bi ba, tana ɗingishi, zanenta wankakke, hannuwanta dungu. Mutane suka dare, suka juyo suna kallonta, kuma kowannensu fuskar Irmiya ce a wuyansa, maza da mata.

Ta durƙusa a gaban bagadi.

"Baba Fasto," ta ce, "an ce jiya Bature ya sake mu. Likita ya sallame ni shekara uku ke nan. Yesu kuwa tun tuni ya sa hannu ya taɓa irinmu. To wa ya rage yake riƙe da ni?"

Shiru, har kana jin numfashin bango. Fasto Zakka ya dube ta. Can ya ce, "Mu ne, 'yata." Ya miƙa mata ƙoƙon.

Ta dubi ƙoƙon, ta dubi hannuwanta. "Ina jin tsoro kada in zubar. Ɗana Irmiya yana nan? Ya zo ya riƙe mini."

Wayyo! Nan ne wurin. Nan ne ya ƙara cusa kai ƙarƙashin benci, ya toshe baki, don kada 'yan ajinsu su sani. Fasto ya kira sunansa sau biyu. Lai'atu ta ɗan jira, sannan ta ce, "Ba komai, ƙila bai zo ba." Ta matse ƙoƙon tsakanin dungu biyu ta sha, ko ɗigo bai zuba ba. Fasto ya karɓa, ya juya daidai inda ta sa baki, ya sha. A waje igiyar tuta ta saki ƙara, kamar an kwance dabba daga turke.

"Daga ranar na huta," in ji gwangwani daga taga. "Ita ta sauke ni daga aiki." Ya ƙara da cewa, "Ta ga ƙafarka fa. Ƙafar tana leƙowa daga ƙarƙashin benci."

Kunya ta rufe Malam Irmiya, irin wadda mutum ke roƙon ƙasa ta tsage. Ya yunƙura zai fito, ashe bencin ya yi saiwa ya kama shi. Ya miƙa hannu, sai yatsunsa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zama biro ya gangara. Lai'atu ta juya ta nufi ƙofa.

"Hankaka, tsai da ita! Gani nan, na zo!"

"Ni rakiya aka aiko ni," in ji hankaka. "Kira kuwa da bakinka."

"Iya! Iya!"

"Malam! Kai, Malam, tashi!"

Bilhatu ce ke girgiza shi, da kayan zumuntar matan coci a jikinta. Ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙararrawar farko na bugawa.

"Wace Iya kake ta kira haka? Ka tara mini maƙwabta."

"Ba ni biro."

Ta miƙo masa, ya suɓuce ya faɗi. Ashe hannuwan ya danne cikin barci, yatsun sun mutu murus. Ya tattaro biron tsakanin tafukansa biyu, ya lalubo shafi na huɗu, ya soke kalma biyu, ya ja wasu a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Bilhatu ta sunkuya ta karanta a hankali: "Uwata, Lai'atu."

Ta ɗago. "Malam, ba kai maraya ba ne?"

Bai iya duban idonta ba.

"Tana raye na zama," ya ce. "Kama ni in tashi."