Suwic Ɗin Faraku Da Gaisuwar Babba

Ranar Juma'a da hantsi, suwic ɗin reshen Faraku ya fara yi wa Senami Hunkpe yanga. Ita tana Kwatano, a hedkwatar kamfanin jigilar audugar da take wa aiki. Shi kuma yana can arewa cikin akwati a jikin bango, yana raba wa kwamfutocin reshen layi. Ta saba shiga cikinsa daga kujerarta. Yau kuwa in ta rubuta suna da kalmar sirri sai ya yi gum, har ta sha ruwa ta ajiye kofi kafin ya buɗe. Kowane umarni ta ba shi, sai ya tsaya nazari, wani lokaci ma ya koro ta waje.

Ranar Litinin sabbin masu awo za su kama aiki a reshen, kuma ita za ta buɗe musu layi. Madam Ahuwansu, shugabar sashe, ta leƙo.

"In bai gyaru ba kafin a tashi, motar kamfani za ta Faraku gobe da sassafe. Ki bi ta, ki jona masa waya da hannunki."

Gobe ne za a fito da jaririn ƙanen Senami a Abome. A gidansu gwaggo ce ke ɗauko yaro daga ɗaki ta nuna masa sarari, kuma ba a aron gwaggo. Ankonta na cikin leda a ƙarƙashin tebur.

"Gwaggo, in sayo miki burodin hanya?" in ji Dosa, abokin aikinta.

"Sayo wa kanka hankali, in ya yi saura ka kawo min."

Ta fara da layi, ta ga saƙo na zuwa Faraku ya dawo kamar ƙiftawar ido. Ta kira reshen, aka ce aiki na tafiya lafiya lau. Ta duba ko nauyi ya yi wa suwic ɗin yawa, ta tarar kusan hutawa yake. Abu ɗaya ta lura: shirun nan tsawonsa ɗaya ne kullum, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

"Wannan ba gajiya ba ce," ta ce. "Jira yake. Wa yake jira?"

"Ke, gobe," in ji Dosa.

Da rana aka kawo amiwo, jan tuwon masara, da kaza. Dosa ya jawo wata tsohuwar saba, irin babbar kwamfutar da sauran na'urori ke tuntuɓa, daga lungu ya ɗora kwanonsa a kai. A gefenta an rubuta sunanta da rubutun hannun Dattijo Zinsu, wanda ya kafa sashen kuma ya yi ritaya bara. Kowace na'ura ya raɗa mata sunan wani gari na yankinsu. Wannan Zanyanado ce, mai tantance wanda aka yarda ya shiga na'urorin kamfani.

Senami ta tsaya da loma a hannu. "Yaushe aka kashe ta?"

"Farkon mako. Madam ta ce wuta take sha a banza, tunda ga sabuwa."

Ba ta ko wanke hannu sosai ba ta koma kujera. Ta jure shirun, ta buɗe tsarin suwic ɗin. Ga Zanyanado a sama, ga sabuwar saba a ƙarƙashinta. A sashen nan ba a goge abin da Dattijo ya rubuta. In an kawo sabon abu, sai a saka shi a ƙasa. Shi kuwa suwic daga sama yake farawa: ya tambayi Zanyanado ko ta san wannan mai shiga, ya jira, ya sake tambaya, sai ya haƙura sannan ya juya ga sabuwa. Haka yake yi a kan kowane umarni.

"Dosa, zo ka gani. Babba yake gaisarwa, babba kuma na ƙarƙashin kwanonka."

Dosa ya duba ya sake dubawa. "To goge mana."

"Kai ka goge."

Ya mayar da hannunsa aljihu. Madam da aka kira ta karanta, ta ce, "A nemi Dattijo."

Senami ta same shi a waya yana tsakiyar wasan dara. Sai da ya tambayi labarin mahaifinta, da mai jego, da ruwan sama a Kwatano, tana amsawa tana kaɗa ƙafa.

"Baba, izini nake nema in cire Zanyanado daga Faraku."

"Garin namu za ki share, 'yata?"

"An riga an kashe ta, Baba. Dosa na cin amiwo a kanta."

Ya yi dariya har da tari. "Kar ki share. Mayar da ita ƙasa, yara su hau gaba. Ki ce wa Dosa ya rage min cinya."

Sai an cire sunan Zanyanado daga tsarin kafin a sake rubuta shi a ƙasa, kuma kuskuren harafi ɗaya na iya rufe wa Senami ƙofar shiga suwic ɗin gaba ɗaya. Ta rubuta a hankali, Dosa na karanta mata harafi harafi. Ta danna. Shirun ya zo, su uku suna kallon allo. Da ya wuce, ta buɗe wata taga ta gwada shiga daga farko. Kafin ta ɗauke yatsa, suwic ya buɗe.

Dosa ya buga tebur. Senami ta yi ta jefa umarni, har waɗanda ba ta buƙata, don ta ga amsa na zubowa. Ta adana gyaran, ta buɗe wa masu awo layinsu.

"Sauran rassan fa?" in ji Dosa. "Duk Zanyanado ce a sama. Ba dai wanda ya leƙa su a makon nan ne."

Madam ta dubi ledar da Senami ta riga ta rungume. "Litinin," ta ce.

A bakin ƙofa Senami ta tsayar da ɗan acaba mai rigar rawaya, ta ce masa tashar motar Abome.