Anti

Na dawo daga roron gyaɗa bayan la'asar, ƙuguna yana ta zugi, na tarar da Haulat a bakin murhu tana rera karatun boko.

"Mada, uwa. Fada, uba. Sista, 'yar'uwa."

Kullum da abin da Malam Sharfaddeen zai ɗora musu a firamaren garinmu. Makon jiya cokali da bokiti ne. Har ta zo tana min burga wai bokitin ma Turanci ne, na ce madalla, ɗauki Turancin naki ki ɗebo mana ruwa. Wannan makon kuma kan dangi aka faɗo.

Haulat 'yar yayata Asama'u ce. Ko arba'in ba a yi ba uwar ta rasu a Gaya, aka kawo min ita nan Toranke cikin zani. Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta, kuma tun da bakinta ya buɗe Umma take ce min. Ban ɓoye mata komai ba, ta sani sarai, sanin dai bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

"Umma," ta ce, "'yar'uwar uwa fa anti ce."

"To."

"Malam ya ce mada ita ce wadda ta haife ka. Sai Ikrama na gidan Kabo ya ɗaga hannu ya ce, ai Haulat ba ta da mada, anti gare ta."

"Shi Malam ɗin ya ce me?"

"Ya ce a tafa masa, ya gane karatu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gajiya ta hana ni faɗa. Anti fa! Sunan da yara ke kiran masu ɗigon rigakafi da amaryar maƙwabta, wai yau ni ce.

Na ce, "Wadda ta goya ka fa, ya ake ce mata da Turancin?"

Ta ɗaga kai sama, leɓenta yana motsi, ta bi karatun daga farko har ƙarshe.

"Ba a koya mana ba."

"In an koya muku kya faɗa min. Miƙo min ruwa."

Ta je randa ta ciko kofi, ta zo ta durƙusa. Kullum cewa take, Umma ga shi. Na zuba mata ido ina jira. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuyar da kai.

"Ga shi," ta ce.

Na karɓa na kai baki, sai na ajiye kofin ban sha ba.