Katin da Baba Ya Gane

Wani ofis ne a unguwar Doka ya yi gwanjon tsofaffin kwamfutocinsa, ni kuma da kwaɗayin tarkace na kwaso su na kai shagona na gyara. A cikin ɗaya na ci karo da shi: dogon kati kore irin wanda ake sokawa a cikin kwamfuta, rabinsa rufe da gwangwani, bayansa da wani zagayayyen soket da ramin lasifika. Ba suna, ba lamba. Wani mai ƙaiƙayin hannu ya kankare takardar jikinsa tas.

Na duba intanet har idona ya yi ja. Na tura wa abokan sana'a hotonsa, wannan ya ce na talabijin ne, wancan ya ce na asibiti. Ƙanena Irmiya kuwa cewa ya yi, "Yaya Ruth, ki ba 'yan gwangwan ki huta mana."

Na ce, "Sannu injiniya! Wa ya tambaye ka?"

Gaskiya ba katin ne ya dame ni ba. Babanmu Barnabas ya yi aikin gyaran na'urorin sadarwa har ya yi ritaya, yanzu mantuwa ta ci ƙarfinsa. Tun bara bai kira sunana ba. In na shiga sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malama." Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na ce bari in kai masa katin, wataƙila in ya tuna aikinsa ya tuna 'yarsa.

Ran Lahadi bayan coci na same shi a barandar gidansa a unguwar Malali, yana kallon kaji. Na miƙa masa.

Ikon Allah! Mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa, sai ga yatsunsa sun daina rawa. Ya juya katin, ya ƙwanƙwasa gwangwanin da farce, ya shafa soket ɗin.

"Rediyo ce," in ji shi.

"Rediyo, Baba? Ina wurin murɗawa?"

"Kwamfuta ke murɗa ta. Nan ake sa eriya. Wannan gwangwanin kuma don kada hayaniyar kwamfuta ta shiga ta ɓata sauti." Ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya. "Ji kawai take yi, ba ta aikawa. Da tana aikawa da kin ga ƙaton ƙarfen sanyaya ta. Gab da zan bar aiki aka kawo mana irinsu, don sauraron tashoshin nesa."

Ya daɗe yana bayani, muryarsa garau kamar da. Ban katse shi ba. Ina jira kawai ya ɗago ya dube ni.

Da ya gama ya miƙo mini. Na karɓa ta gefe-gefe, ba tare da na taɓa haƙoran zinariyar da ke ƙasansa ba. Sai ya tsaya yana kallon hannuna, can ya ɗago. Ya dube ni.

"Malama, wa ya koya miki riƙe kati haka?"

Na ce, "Babana ne."

Ya gyaɗa kai, yana murmushi.

"To, in kin koma gida ki gaishe shi. Ya san aiki."

Na ce, "Zai ji, Baba."